Ruwan da Auta Ya Shanye

A Gayam, idan ciwo ya gagari jiƙo da sassaƙe har aka fara zancen asibiti, Auta ake aika wa. Shi ba malamin asibiti ba ne, ko ƙofar aji bai taɓa leƙawa ba. Abin da ya haɗa shi da likitanci bai wuce wata bakwai da ya yi yana yankan ciyawa da tura gadon marasa lafiya a wani asibiti a Kaduna ba, a shekarar da aka samu 'yancin kai. Wata bakwai ɗin nan su ya yi ta ci har shekara goma sha tara, kuma ba su ƙare ba.

Dalilin barinsa aikin ya danganta da wanda ya tambaya. Yau hassada aka yi masa, gobe wani Baturen likita ne ya nace zai tafi da shi Ingila, shi kuwa ya ce ba zai iya barin 'yan uwa ba. Abin da ido ya gani dai, ya sauko daga mota da rigar kaki mai aljihu biyu, da biro soke a aljihun hagu. Tawadar biron ta bushe tun kafin yaƙin basasa, amma da yake ba don rubutu ake yawo da shi ba, abin bai dami kowa ba.

Ya kuma dawo da doka guda ɗaya tak. Wata rana ya tura wani mutum zuwa ɗakin tiyata, ashe matar mutumin ta faki ido ta ba shi tuwo da safe. Da aka sa masa maganin barci sai amai ya taso ya shaƙe shi, da ƙyar aka ceto ransa. Likita ya fito yana faɗa kamar zai ari baki, Auta na raɓe a jikin bango yana saurare. A ranar ya sauke karatunsa na likitanci. Ya riƙe cewa ba a shiga wa likita da komai a ciki, ko hatsi ko ruwa, kuma duk wanda ya ce ba haka ba jahili ne.

Dokar gaskiya ce ga wanda za a yi wa tiyata. Auta ne bai san tana da iyaka ba. Mai ciwon haƙori ya kwana da yunwa, tsohon da za a gwada wa tabarau ya kwana da yunwa. Maliki mai saran itace, da gatari ya goge shi a ƙafa, sai da ya yi azumin da Allah bai ɗora masa ba kafin a naɗa masa bandeji. Da yake yunwar yini ɗaya ba ta kisa, mutane sukan je su warke su dawo, ladan kuma ya tafi wurin Auta.

Kada a zalunce shi, ya san ƙofofi. Ya san inda ake yankar kati da tagar da ake karɓar magani, kuma ga mutumin da bai taɓa wuce kasuwar Tsohon Birnin Gwari ba wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai rakiyar Auta tana da tsari. Shi ne a gaban mota, mara lafiya a baya kan buhuna. Shi ke riƙe kati. Idan likita ya tambayi mara lafiya ina ke masa ciwo, Auta ne ke amsawa, mai ciwon kuwa ya zauna yana jin labarin cikinsa daga bakin wani. Gonarsa na can ciyawa ta cinye, bai damu ba, tunda idan ya ratsa gari ana ce masa "Likita, an fito?"

Wadda ta fara kiransa da wannan suna yayarsa ce, Tasalla, kuma ita har zuciyarta take faɗa. Uwarsu ta rasu yana tatata, ita tana da shekara goma sha biyu, a bayanta ya girma. Ko da aka yi mata aure, da shi ta tafi gidan miji. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ita ke riƙe da kanta da abin da daji ke ba ta. Da bazara ta shiga ɗebo ɗorawa, ruwa na sauka ta koma tsintar kaɗanya, ta yi nisa cikin kurmi har inda ƙafar 'yan mata ba ta kai wa. Man kaɗenta fari ne tas, direbobin manyan motoci masu zuwa Ikko har tsayawa suke a bakin titi su tambaye shi. Mace ce mai ƙarancin magana, ba ta taɓa ƙaryata ƙanenta a gaban mutane ba, ko ranar da ya ce ya taɓa riƙe wa likita almakashi.

A shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, ciwo ya kama Tasalla a kwiɓin hagu. Ta daure wata biyu tana ɗaure wurin da zane, har zazzaɓi ya fara kwantar da ita, fitsarinta ya soma zuwa da jini. Auta ya sa kakinsa ya kai ta Kaduna. Can aka ce tsakuwa ce ta toshe hanyar ƙodar hagu, ƙodar ta kumbura. Aka gwada yi mata hoto da wata allura, allurar ta tayar mata da borin jini har numfashinta ya so ɗaukewa, aka ce ba za a sake ba.

Likitan ya yi musu bayani dalla-dalla. Ya ce in ƙodar tana da sauran rai, za a buɗe a cire tsakuwar a bar mata abarta. In ta mutu, cire ta za a yi. Kuma ba zai sa wuƙa a makance ba. Akwai wani gwaji da ke nuna aikin kowace ƙoda daban, amma sai a wani babban asibitin koyarwa can ƙasar Yarbawa. Ya rubuta musu takarda, ya ce su yi sauri, don kowane mako da ya wuce ƙodar ƙara lalacewa take.

Kafin su tashi, duk Gayam ta ji cewa za a yi wa Tasalla gwaji da sinadarin da Turawa ke haɗa bam, kuma Auta ne zai kula da aikin. Suka hau gingimari mai lodin gero a tsakiyar bazara, suka bi ta Tegina da Mokwa suka tsallake gadar Jebba, shi a gaba kusa da direba yana ba shi labarin ƙoda, ita a baya tana riƙe da kwiɓi. Suka sauka a unguwar Hausawa, gidan wani mai fataucin goro da ya san mahaifinsu.

Ana gobe gwajin aka kira su don a yi musu bayani. Wadda ta karɓe su wata nas ce mai suna Naomi, a Kaduna ta tashi, Hausa a bakinta kamar 'yar Zazzau. Ta ja kujera ta zauna tana fuskantar Tasalla, ta bar Auta a tsaye da katinsa, abin da ba a taɓa yi masa ba.

Ta ce, "Mama, ki kwantar da hankalinki, ba yanka ba ne, ba kuma za a sa ki barci ba. Allura ɗaya ce a jijiyar hannu, ita kaɗai ce zafin. Maganin cikinta kaɗan ne, yana da wani irin haske da ido ba ya gani, na'ura ce kawai ke ganinsa. Jini zai kai shi ƙoda, ƙoda ta tace shi ta tura shi mara. Za ki zauna a kujera, mu jingina miki wasu ƙarafa biyu a baya, ɗaya saitin kowace ƙoda. Ba sa zafi, ba sa cizo. Rabin awa, kada ki motsa. Akwai alƙalami biyu da za su riƙa ja mana layi a takarda, da su za mu san wace ƙoda ke aiki."

Tasalla ta ce, "To hasken nan, a cikina zai zauna?"

"A fitsari zai fita, Mama, kafin jibi babu shi. Ki dai riƙa wanke hannu in kin zaga, kada kuma ki goya jariri sai washegari. Amma ga babban abin da nake so ki riƙe. Ki ci abincinki yadda kika saba, ki sha ruwa da yawa. Yau ki sha, gobe da safe ki sha, in kin zo nan ma za mu ƙara miki. In jiki ya bushe, ko lafiyayyar ƙoda kwanciya take yi, layin ya fito ba ma'ana, aikin ya tashi a banza."

Auta ya yi gyaran murya. "Sista, ai ni ma na yi aikin asibiti."

"Madalla, Malam. To ka taimaka ka ga ta sha." Ta sake juyawa wurin Tasalla. "Maganin nan daga ƙasar waje jirgi ke kawo shi, kuma ba ya ajiyuwa, da kansa ƙarfinsa ke raguwa kullum. Wanda ke hannunmu an gama rabon sa, naki na ciki. In aka rasa gobe, sai wani ya iso, kuma yakan kai wata uku."

Babu kalma ɗaya a cikin bayanin nan da Auta bai gane ba. Hausa aka yi, a sarari, har da maimaici. Amma tun kafin su fita ƙofar asibitin ya gama yanke hukunci. Allura a jijiya, ɗaki a rufe, a ce mutum kada ya motsa: ai wannan tiyata ce ake ɓoye wa ƙauyawa don kada su gudu. Yarinyar kuma da aka haifa jiya, me ta gani? Shi ya ga mutum na shaƙewa da idonsa. Can ƙasan zuciyarsa kuma akwai wani abu da bai yarda ya kalla ba. In har akwai gwajin da ake shan ruwa kafin a yi, to yunwar da ya sa mutanen Gayam shekara goma sha tara fa? Ya gwammace nas ta zama jahila.

Da suka koma masauki bayan la'asar, Tasalla ta miƙa hannu za ta ɗauki moɗa a bakin randa. Ya riga ta ɗauka.

"Yaya, daga yanzu an rufe baki sai an gama."

"Auta, yarinyar nan fa cewa ta yi in sha."

"Ni da ita wa ya riga shiga asibiti? Ranar da na fara aiki ko tafiya ba ta iya ba. So kike in koma Gayam da gawarki? Me zan ce wa mutane?"

Ta dube shi, ta dubi randar, ta janye hannunta. Zafin garin irin mai ɗanko ne, gumi na tsiyaya ko mutum na zaune. Da ta zo alwalar magariba ya tsaya a kanta, yana kallo har ta tofar da ruwan kurkurar baki. Da asuba ma haka. Shi kuwa ya karya da koko da ƙosai a waje, don kada ya ba ta sha'awa, wai tausayi ke nan.

Da hantsi suna kan benci a sashen gwajin, su shida ne masu jira. Naomi ta fito da babban jug na ruwa da kofunan roba, ta ce kowa sai ya sha huɗu kafin a kira shi. Ta cika na Tasalla ta wuce gaba. Leɓunan Tasalla sun tsattsage, idonta na kan kofin. Auta ya karɓe shi kamar zai riƙe mata, ya tsaya a gabanta ya kare ta da bayansa, ya kafa kai ya shanye. Ba wurin zubarwa a barandar, ga siminti ga idon mutane, shi ya sa ya sadaukar da cikinsa. Aka cika na biyu ya shanye. Na uku ya shanye. Na huɗu sai da ya numfasa sau biyu, amma ya ga bayansa.

Naomi ta dawo. "Mama, kin shanye?"

Auta ya ɗaga kofin ya kife shi. "Tas, Sista. Ni da kaina na tsaya a kai."

Tasalla ta sunkuyar da kai.

Aka shiga da ita. Aka ce ɗan rakiya ya tsaya a bakin ƙofa, ya tsaya yana leƙe ta 'yar tagar gilashi, yana jiran ya ga an fito da wuƙaƙe. Ba wuƙa, ba maganin barci. Kujera ce kawai da ƙarafa biyu kamar ƙananan turame a jikin sanda, da wani akwati mai fitar da takarda a hankali. Aka nemi jijiya a hannunta aka rasa, duk sun lafe. Sai a suka na uku aka samu. Ta zauna ɗam, bayanta a jingine da ƙarafan, ko ƙuda ba ta kora ba. Abin da aka ce mata ta yi a ɗakin nan ta yi shi daidai.

Shi kuwa babban likitan Gayam, minti goma da farawa ruwan ya fara neman hanya. Koko na safe, ga kofi huɗu a kai. Ya matse ƙafa, ya canza tsayuwa, ya karanta abin da ya sawwaƙa, daga ƙarshe ya ruga bayan gida da biro na rawa a aljihu. Ya dawo ya leƙa, ya sake rugawa. A asibitin nan kaf, ranar babu ƙodar da ta yi aiki kamar tasa.

Da aka gama, likitan sashen ya yage takardar ya duba, ya ɓata rai. Layukan biyu duk sun hau a kasale sun ƙi saukowa, na dama mai lafiya da na hagu mai ciwo ba a bambance su. Aka ba Tasalla ɗan kwano ta zaga. Abin da ta kawo bai rufe gindin kwanon ba, ja wur kamar shayin da ba madara. Naomi ta kama fatar bayan hannunta ta ja, ta saki, fatar ta tsaya a tattare. Ta ce ta fito da harshe, ta duba. Daidai lokacin Auta ya shigo daga zagayensa na uku yana gyara mazagi.

Naomi ta dube shi tun daga sama har ƙasa. "Malam, wa ya sha ruwan nan?"

Auta ya gane. A wannan lokacin babu sauran shakka a ransa, ya ga kujerar, ya ga ba a yanka kowa ba, ya ga yarinyar da aka haifa jiya ita ke da gaskiya. Kalma biyu ake nema daga bakinsa, ni ne. Ya buɗe bakin, ya ga likita, ya ga masu jira a benci sun miƙo wuya, ya ji biro a ƙirjinsa. Bakin ya tsaya a buɗe.

Tasalla ce ta yi magana, muryarta a dishe. "Ni ce na ƙi sha, 'yata. Ruwan garin nan ba ya mini daɗi."

Naomi ta san ƙarya ce, amma mai ciwo ta faɗa da bakinta. Takaici ya sa ta ɗaga murya. "Haba Mama! Ban zaunar da ke na gaya miki ba? Kin san abin da kika yi wa kanki? Maganin ya tafi, babu wani. Da girmanki!" Tasalla ta karɓi faɗan a gaban baƙi, mace mai shekara kusan hamsin.

A nan ne Auta ya yi abin da har yau in an tuna sai rai ya ɓaci. Da ya yi shiru ma da da sauƙi. Sai ya girgiza kai, ya tafa hannu, ya ce, "Ai na gaya mata, Sista. Kin san mutanenmu na ƙauye, ba sa jin magana."

Tasalla ta ɗago ta dube shi sau ɗaya. Sannan ta roƙi a ba ta ruwa, ta sha kofi biyar a tsaye.

Suka koma Gayam da ƙwayoyin rage zafi da takardar dawowa. Tun daga bakin titi Auta ya fara ba da labari: wuta ce ta ɗauke ana tsakiyar aiki, na'urar ma tsohuwa ce, shi ya nuna musu inda ta lalace. Aka yi ta jinjina masa. Ruwa ya sauka, kaɗanya ta zuba a daji, Tasalla na kwance a ɗaki tana jin mata na wucewa da kwanduna. Zazzaɓin ya riƙa zuwa yana komawa, kwiɓin ya ƙara tauri. Ba ta tsinci ko ƙwara ɗaya ba a wannan damina.

Da saƙo ya zo cewa magani ya iso, Auta ya wanke kakinsa ya shanya. Ta leƙo ta ce, "Ka zauna ka yi noma, Auta, ciyawa ta cinye gonarka. Asibi za ta raka ni." Asibi maƙwabciyarta ce, abokiyar shiga dajinta, wadda ba ta san ko taga ɗaya ta asibiti ba. Amma tana da kunne, ta riƙe abin da Tasalla ta ce nas ta faɗa. Tun daga Tegina take ɗura wa Tasalla ruwa, har direba ya gaji da tsayawa.

Wannan karon layukan sun fito sarai. Na dama ya hau ya sauko yadda ake so. Na hagu ya kwanta a ƙasan takarda, ko motsi bai yi ba. Likita ya ce da a wancan zuwan aka gane, da akwai yiwuwar a ceci ƙodar, amma yanzu ta riga ta ruɓe. Aka cire ta. Tasalla ta dawo gida da dogon tabo a kwiɓi da ƙoda ɗaya, da umarnin ta riƙa shan ruwa da yawa har iyakar ranta. Ba ta ƙara yin nisa a kurmi ba, a bakin daji take tsinta tare da yara da tsofaffi.

Ita ba ta faɗa wa kowa ba. Naomi ce ta ja Asibi gefe ta ce mata kada a sake barin mai kakin nan ya rako mutum, ta kuma gaya mata dalili. Asibi ta faɗa wa mijinta kaɗai, shi ma ya faɗa wa amininsa kaɗai, kafin a cire amfanin gona duk Gayam ta sani. Ba wanda ya tare shi da maganar, don girman Tasalla. An ci gaba da ce masa Likita, sai dai yanzu akan ja sunan kaɗan. Masu ciwo suka koma fita da sassafe ta bayan gari. Shi kuwa ya ce zamani ne ya lalace, mutane ba sa neman masani. Har ya fito da sabuwar doka, wai a sha ruwa kafin a ga likita, kuma ya rantse tun a Kaduna yake faɗin haka.

Abu ɗaya ne bai taɓa ba da labarinsa ba. Kowace safiya yakan je gaida yayarsa, kamar yadda ya saba tun yana yaro. Ranar farko bayan dawowarta, da ya durƙusa a ƙofar ɗaki, ta miƙe da ƙyar ta je randa, ta ciko babban kwanon sha har baki, ta ajiye a gabansa.

"Sha, Auta."

"Yaya, ai ba na jin ƙishi."

Ta zauna tana kallonsa. Ya ɗauka ya shanye. Washegari ma haka, jibi ma haka. Ko da sanyi ko da zafi, in ba azumi ake ba, kwanon na jiransa. Ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, ba ta fasa ba shi tuwo ba, ba ta kuma taɓa ambaton asibitin ba. Shi ma bai taɓa cewa ta yafe masa ba. Kalmar ta fi kwanon nauyi, sai ya zaɓi kwanon. Da ya so ya daina zuwa gaisuwar da ya daina, amma bai daina ba, kuma wannan ne kaɗai abin kirkin da za a iya faɗa a kansa. Shekara goma sha huɗu suna haka.

Ciwon ajalinta da bazara ya zo, ƙodar da ta rage ta gaji. Ta kwanta ba ta iya ɗaga hannu. Ran nan da hantsi Auta ya shigo gaisuwa, kakin ya tsufa ya koɗe, biron na nan. Ya durƙusa a inda ya saba, babu mai ciko kwano. Asibi na zaune a gefe tana yi mata fifita. Ya ga leɓunan yayarsa sun bushe sun tsattsage, irin yadda ya taɓa ganinsu a kan wani benci. Ya tashi ya je randa da kansa, ya ciko kwanon, ya tallafo kanta a hannunsa ya kai mata baki.

"Yaya, sha."

Ta buɗe ido ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Sannan a hankali, ba faɗa ba dariya, ta ce, "Yau an yarda in sha, Likita?"

Bai janye kwanon daga bakinta ba. Asibi ta ce ta ga bakinsa na motsi, ta ji ya ce, "Ni ne, Yaya. Ni na shanye." Tasalla ta ce, "Ai ina wurin." Ta kurɓi ruwan sau biyu ta mai da kai.

Ta rasu bayan azahar. Da aka dawo daga maƙabarta, Auta ya zauna a zaure yana karɓar gaisuwa cikin wata tsohuwar taguwa. Wani baƙo daga Saminaka, da bai san komai ba, ya tambaye shi me likitoci suka ce ya kashe ta. Jama'a suka gyara zama, don sun san yanzu za a sha bayani. Auta ya dubi ƙasa ya ce shi bai san aikin asibiti ba.